Land Cruiser ɗin Kawu da ciwon zafin inji: abin da muka tarar da muka buɗe ta

Ranar da na ce ba za a ƙara sayen ko noti ɗaya ba sai an auna, muna tsakanin Yusufari da Tulo-Tulo ne, cikin watan Afirilu, rana ta take tsaka. Motar na ɗauke da buhunan gero da katan-katan na kayan masarufi, ga fasinja a saman kaya. Muna hawan wani tudun rairayi a giya ta biyu, iska na biyo mu ta baya, sai Baba direba ya ce, "Ta fara." Na dubi geji, allura tana tsakiya inda ta saba zama. Shi wari ya ji. Kafin mu kai kan tudun allurar ta miƙe ta nufi ja, tururi ya fara fita ta gefen bonet.

Mun fi awa ɗaya a wurin. Mata da yara suka sauko suka raɓe a ɗan inuwar da bodin motar ya yi, wata tsohuwa tana ta fifita jikanta da gefen mayafi. Da injin ya huce, yaron mota ya sauko da jarka ya fara ɗura wa lagireto ruwa. Na tari ruwan a tafin hannu na kai baki. Ɗanɗanon kanwa ne ƙarara, har da santsi a yatsu. Na tambaye shi inda ya ɗebo, ya ce a rijiyar kwarin da muka wuce, kuma kullum nan suke ɗiba. Jarka huɗu motar ke tafiya da su a kowace fita, ba don fasinja ba, don inji.

Motar da aikinta

Toyota Land Cruiser ce a-kori-kura, samfurin 75, irin wadda aka daina ƙerawa a 1999 lokacin da 79 ta maye gurbinta. Injinta 1HZ ne, na gas, silinda shida a jere, lita 4.2, ba turbo. Tun 1990 ake yin wannan inji, kuma sunan da ya yi na juriya ba a banza ya yi shi ba: jikinsa da kansa, wato tof silindarsa, duk baƙin ƙarfe ne, ba kwamfuta a ciki, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, amma yana jan kaya cikin yashi yini guda ba gunaguni. Kawu ya saye ta hannu na uku ko na huɗu. Daga Gashuwa take tashi ta bi kasuwannin arewacin Yobe, ta kai hatsi da kayan shago, ta komo da kanwa da dabbobi. Ni ke riƙe da littafin kuɗinta, don haka ni na fi kowa sanin abin da zafin nan ya ci.

Cikin shekara guda kafin wannan rana an yi mata aiki sau biyar a kan ciwo ɗaya. An cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, an jefar. An sake kulocin fanka da wani mai araha. An liƙe tankin lagireto na sama da gam har sau biyu. An wanke lagireton da garin sabulun wanki. An taɓa zuba masa garin barkono a hanya don ya toshe yoyo. Kowane aiki sai a ce an gano, motar ta yi sati biyu ko uku lafiya, musamman in an dace da sanyi, sannan ta koma gidan jiya. A ƙarshe wani ya ce wa Kawu tof silinda ce ta tsage, a sauke ta a nemo ta Beljiyam. Kuɗin da aka faɗa masa ya kai ribar motar ta wata da watanni.

Na same shi bayan isha'i na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ka ba ni sati biyu da motar nan kafin a taɓa tof silinda. In ita ce, ba abin da muka rasa sai kwanakin." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kowa da ya taɓa ta haka ya ce. Amma je ka."

Awo kafin saye

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da muke kira Oga, mutum mai sanyin hannu da ba ya gaggawar kwance abu. Wani abokina da ke aiki a garejin wata ƙungiyar agaji a Damaturu ya ara mana kaya uku: famfon gwada matsin lagireto, kwalbar ruwan gwajin hayaƙi, da ma'aunin zafi irin wanda ake haska wa ƙarfe daga nesa.

Da babbar tuhumar muka fara. In tof gasket ya ƙone ko tof silinda ta tsage, hayaƙin cikin silinda yana kutsawa cikin ruwa. Alamominsa sanannu ne: kumfa na tasowa a wuyan lagireto ba tsayawa, tiyo ya yi tauri kamar taya mintuna kaɗan bayan tayar da inji mai sanyi, wani lokaci baƙin mai ya koma kamar madara, ko salansa ta riƙa fitar da farin tururi. Oga ya cika lagireto da sassafe, ya tayar da inji murfi a buɗe, muka zuba ido. Ba kumfa. Ya ɗora kwalbar gwajin a wuyan, ya zuƙo iskar ciki ta ratsa ruwan shuɗin nan da ke sauya launi in ya haɗu da hayaƙi. Ya yi a silo, ya yi da totur, ruwan bai sauya ba. Baƙin mai kuma baƙi ne wuluk. Ya goge hannu ya ce, "Kan nan lafiyarsa ƙalau. Allah ya tsare shi, amma da an ƙara wata biyu a haka da ba na ce ba."

Sai famfon matsi. Ya ɗaura shi a wuyan lagireto ya buga iska, muka ga allura tana sauka a hankali. Da injin a sanyaye kuma a kashe, yoyon da ba a taɓa gani ba ya bayyana: ɗigo a ƙasan wotafom, wato famfon da ke zagaya ruwa a inji, daga ɗan ramin nan da aka yi masa don ya nuna in robar cikinsa ta mutu, da kuma gumi a layin da tankin roba ya haɗu da jikin lagireto. A kan hanya waɗannan ɗigon suna bushewa a jikin ƙarfe mai zafi kafin su kai ƙasa, shi ya sa Baba ke rantsuwa cewa motar ba ta yoyo. Farin busasshen layi kawai suke bari, kowa ya ɗauka ƙura ce.

Daga nan Oga ya juya famfon ya gwada murfin lagireton shi kaɗai. A nan ne labarin ya fara warwarewa. Murfin bai riƙe komai ba. Da ya buga iska sai ta fice. Muka kifa shi muka ga robarsa ta tsage ta bushe kamar tsohuwar fata, kuma ma ba na motar ba ne, wuyansa bai kai zurfin wurin zamansa ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar murfin nan kamar murfin tulu, abin hana ƙura shiga. Aikinsa ya wuce haka nesa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. In ka kulle shi ƙarƙashin matsi sai tafasar ta yi nisa. Murfin wannan mota an rubuta masa 0.9, ma'ana yana riƙe matsin da ya kai haka kafin ya saki, kuma a wannan matsi ruwa zalla ba ya tafasa sai wajen digiri 118. Wannan tazarar ta digiri goma sha takwas ita ce dukan rufin asirin inji a kan tudun yashi. Ba tare da ita ba, ruwan da ke kewaye da wuraren da suka fi zafi a cikin tof silinda yana fara tafasa tun geji bai nuna komai ba, tururi ya tura ruwa waje, ruwa ya ragu, zafi ya ƙaru, a sake tafasa. Kuma murfin yana da ƙaramar ƙofa ta biyu da ke barin ruwan da ya fita zuwa robar ajiya ya komo in inji ya huce. A tamu motar robar ajiyar ta fashe tun tuni, tiyonta yana lilo yana zubar da ruwa a ƙasa. Duk abin da ya fita ya fita ke nan, sai a cike gurbinsa daga jarka.

Kuskuren da na yi

Mun rubuta jerin abin da za a sayo daga Kano, amma kasuwa ta matso, Kawu kuma ya riga ya karɓi lodi. Na ce a saka sabon murfi na ainihi kawai ta je ta dawo, tunda shi ne tushen ciwon. Oga ya ce mini, "Tankin nan ba zai ɗauka ba." Ban saurare shi ba, kuma laifin nawa ne. Kwana uku bayan haka Baba ya kira daga bayan Yusufari: tankin sama ya tsage daga wuya har gefe. Shekara da shekaru tankin yana aiki ba matsi, lalataccen murfi yana rufa masa asiri. Ranar da aka ce ya riƙe matsin da aka yi shi dominsa, sai ya nuna shekarunsa. Sai da muka ɗauki hayar wata motar ta kwashe kayan, aka jawo tamu. Kawu bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, "Sati biyun naka ya fara tsada." Maganar ta fi faɗa zafi.

Abin da ya fito fili shi ne ba a gyara irin wannan tsarin gutsure-gutsure. Murfi, tanki, tiyo, kilif da robar famfo duk matsi ɗaya suke ɗauka. Ka ƙarfafa ɗaya, nauyin ya koma kan wanda ya fi rauni a cikin sauran.

Cikin lagireto

Lagireton da motar ta zo mana da shi ba nata na asali ba ne, wani mai ita na baya ya saka mai jikin alminiyam da tankunan roba. Robar irin wannan tanki tana da ƙarfi tana sabuwa, amma zafi da shekaru suna cinye ta, ta tashi daga baƙi ta koma ruwan ƙasa, ta riƙa ɓarewa kamar biskit. Namu da Oga ya matsa bakin tsagar da babban yatsa sai ya gutsuro.

Kafin wannan tafiyar mun haska masa ma'aunin zafi yana aiki, kuma abin da muka gani ya ɗaure mini kai a lokacin. Gefe da gefe da zafi sosai, tsakiya kuwa, daidai gaban fanka, kusan za ka iya ɗora hannu. Da mai gyaran lagireto ya ɓalle tankin muka ga dalili. Bakunan ƙananan bututun da ruwa ke bi sun toshe da wani farin abu mai tauri gauraye da jar laka ta tsatsa, har da ɓurɓushin barkonon nan. Na ƙirga da kaina, waɗanda haske ke ratsawa ba su kai rabi ba, kuma yawancin matattun a tsakiya suke. Ruwan rijiya ne ya yi wannan aiki. Duk lokacin da ya tafasa ya fita, gishirinsa da kanwarsa suna nan a ciki, a ƙara wani, shi ma ya bar nasa. Kanwa kuma ba toshewa kawai take yi ba, tana cin alminiyam. Ta waje ma ba sauƙi: ƙarangiya da ƙaiƙayin ciyawa da fukafukan fara sun cushe tsakanin ganyayen ƙarfen, ƙura ta liƙe su kamar tabarma.

Wannan sanyin tsakiyar shi ya bayyana mana dalilin da ya sa sake kulocin fanka bai yi amfani ba. Kulocin nan ba shi da waya, bai san zafin ruwa ba. A fuskarsa akwai wani ɗan nannaɗaɗɗen ƙarfe da ke murɗawa in iska mai zafi ta buge shi, sai ya buɗe hanya wani mai mai kauri na silikon ya shiga tsakanin faya-fayan ciki, fanka ta kama da ƙarfi. Iskar da ke bugunsa kuwa ita ce wadda ta ratso tsakiyar lagireto. In tsakiyar a toshe take, iskar da ke isa gare shi ba ta da zafi, sai ya zauna abinsa yana juyi a hankali alhali inji yana dahuwa. An yi ta zargin fanka, ita kuwa labarin ƙarya ake kai mata.

Zaɓi uku ne a gabanmu. A sake irin mai tankin roba, shi ya fi araha kuma ya fi sauƙin samu. Ko a sayi na alminiyam zalla da aka yi wa walda, wanda samari ke so saboda ƙyalli. Ko a koma na jan ƙarfe da tagulla irin na da. Na alminiyam mai kyau yana sanyaya ruwa sosai, ba na musun wannan. Amma in ya tsage a daji, sai mai waldar alminiyam, shi kuwa ba a kowane gari yake ba, kuma girgizar hanyar burji tana yawan tsaga masu araha a wurin waldar. Na jan ƙarfe ya fi nauyi, ya fi tsada, amma duk garin da ke da mai gyaran lagireto akwai dalma da wuta, a kwance tankinsa a zura masa tsinke a wanke a mayar. Ga motar da ke kwana inda ba lantarki, wannan ya rinjayi komai a wurina. Shi muka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, tare da sababbin robobin da yake zama a kansu, don tsofaffin sun narke har ƙarfe yana bugun ƙarfe.

Wotafom da muka ciro, fukafukansa na ciki tsatsa ta cinye gefunansu sun yi siriri kamar wuƙa. Muka saka na Aisin, kamfanin da ke yi wa Toyota irin waɗannan kayan. Tiyo na sama da na ƙasa duk aka sake. Na ƙasan ya yi laushi har yana shaƙewa in an taka totur, saboda ta nan famfo ke zuƙo ruwa. Ƙananan tiyoyin da ke bayan inji, waɗanda ba wanda ke tunawa da su sai ranar da suka fashe, su ma aka sake. Fambel biyu aka saka tare, ba ɗaya sabo ɗaya tsoho ba. Robar ajiya sabuwa.

Gardamar tamostat

Nan ne aka kai ruwa rana. Da Baba ya ga Oga ya fito da sabon tamostat daga kwali, ya miƙe daga benci ya ce, "Oga, kada ka mayar mini da abin nan. Na ƙasar sanyi ne. Shekara talatin ina tuƙi, duk motar da na riƙe sai na cire shi." Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kusan duk garejin da ka shiga a arewa za ka ji shi, kuma yana da tushe: tamostat da ya mutu a rufe yana dafa inji cikin mintuna, wanda ya taɓa gani ba ya mantawa.

Oga bai yi musu da shi ba. Ya aika yaro ya karɓo tukunya da risho wurin mai shayi, ya ɗaura tamostat ɗin da zare ya saka cikin ruwa, ya miƙa wa Baba ma'aunin ya ce, "Baba, kai za ka riƙa faɗa mana." A wajen digiri 76 bakin ya fara buɗewa, kafin 90 ya wangale. Sannan ya ciro shi ya nuna masa wani faifai da ke ƙasansa. Ya ce a cikin injin akwai gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya zaga ya koma famfo ba tare da ya je lagireto ba, don inji ya yi saurin ɗumi da safe. In tamostat ya buɗe, faifan nan yana sauka ya toshe gajeriyar hanyar, dole duk ruwan ya bi ta lagireto. In ka cire shi gaba ɗaya, gajeriyar hanyar tana buɗe har abada, kuma ruwa, kamar mutum, hanya mai sauƙi yake bi. Wani kaso na ruwan zafin yana ta zagaye a cikin inji bai taɓa ganin iska ba, musamman da lagireton ya toshe yana yi masa wuyar shiga.

Baba ya juya abin a hannu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To in ya maƙale a daji fa?" Oga ya ce a sayi na biyu a gwada shi a tukunya a ajiye a cikin mota, noti kaɗan ne. A haka aka rabu. Ni a ganina cire tamostat yana cikin al'adun da suka fi cutar da injunan gas a yankinmu, don ko ba zafi, injin da ke yini bai kai ɗuminsa ba a watannin hunturu yana shan mai, yana hayaƙi, yana cin kansa a hankali.

Baba ya kuma nemi a ɗaure fanka dairek, a huda kulocin a saka noti ta riƙa juyawa da inji koyaushe. A matsayin dabarar fitar da kai daga daji, ba laifi. A matsayin gyara, ban yarda ba. Tana ƙara shan mai, tana wahalar da boris ɗin wotafom, kuma da damina in aka shiga ruwan fadama fukafukan da ba sa iya tsayawa suna lanƙwashewa su yanki lagireto. Kulocin mai arahar da aka saka bara mun gwada shi, ko da inji ya yi zafi yatsa ɗaya ke juya shi. Sa'ar da muka yi, tsohon na asali yana nan a shagon Kawu cikin buhu. Irinsa ana kwance shi, Oga ya buɗe ya wanke ya zuba masa sabon man silikon ya sake robar bakinsa. Gidan fanka kuwa, zoben nan da ke tilasta iska ta biyo ta cikin lagireto ba ta gefe ba, an cire shi tun wani aiki da ya wuce ba a mayar ba. Muka samo na Beljiyam. A kwalta da gudu ba za ka ji rashinsa ba, iskar hanya ta wadatar. A yashi cikin ogzilari, wato giyar ƙarfi mai tafiya a hankali, inji na ihu mota na tafiyar kura, fanka ce kaɗai ke kawo iska, kuma in iskar gari na biyo ka ta baya sai ta dawo maka da zafin da ka fitar.

Ruwan da za a zuba

Kafin a ɗaura sabon lagireto mun wanke cikin inji da tiyo har sau huɗu, ta gaba da ta baya, aka buɗe notin zubar da ruwa da ke jikin injin, jar laka tana ta fita kamar kunun kanwa, har ruwa ya fara fita garau.

Motar na cin ruwa lita goma da 'yan kai. Muka yi amfani da tataccen ruwa irin na cika batir, wanda ba asid a ciki, aka gauraya da kulant, wato sinadarin da ake zuba wa ruwan lagireto. A nan ma akwai tarko, don akwai jarkokin da ake sayarwa da ruwa ne kawai da kala. Mun gwada namu ta hanya mai sauƙi: aka haɗa rabi da rabi a ƙaramar roba aka kai firizar mai ƙanƙara ya kwana. Haɗin gaskiya ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, firiza ba ta kai can. Da safe muka tarar da shi ruwa. Mu ba don ƙanƙara muke zuba shi ba, don maganin tsatsar da ke cikinsa ne da ɗan ƙarin da yake yi wa zafin tafasa. Ruwa zalla ya fi shi kwasar zafi, don haka muka tsaya a wajen kashi ɗaya cikin uku na kulant. Na ja kunnen yaron mota cewa abin nan yana da zaƙi kuma guba ne, kada a zubar inda awaki ke sha, kada a ajiye a robar lemo inda yara za su gani.

Abu na ƙarshe geji ne. Allurar motar tana zama a tsakiya tun daga ɗumi na daidai har zuwa dab da tafasa, sai a ƙarshe ta zabura, kamar yadda ta yi mana a kan tudun. In ruwa ya zube gaba ɗaya ma tana iya yin shiru, don abin da ke auna mata ba ya cikin ruwa. Muka saka ƙaramin geji mai nuna lamba, wanda wayarsa ke ɗaure a jikin tof silinda, da ƙara mai tashi in zafi ya wuce inda aka saita.

Bayan gyara

Cikin watan Mayu muka koma hanyar da lodi irin na ranar. A kwalta lambar tana wasa tsakanin 80 da 84. Da muka shiga yashi Baba ya rage iskar taya, ya saka ogzilari tun kafin tudun ba sai ta fara nitsewa ba. A tsakiyar hawan lambar ta kai 93, sai muka ji fanka ta kama da wani gurnani kamar jirgi zai tashi. Baba ya dube ni ya ce, "Rabon da in ji wannan kukan tun tana hannun mai ita na da." Lambar ta tsaya a 95, muna gangarawa ta sauko. A kan tudu na uku, mafi tsawo, ta taɓa 99. Ya juya hancin motar ya fuskanci iska ya bar ta a silo da ɗan totur minti biyar, bai kashe ba, ta dawo 85 muka wuce.

Da muka dawo Gashuwa, washegari da safe na buɗe murfi, ruwa yana nan a wuya, robar ajiya a layinta. Duk abin da aka kashe, har da hayar motar da kuskurena ya jawo, bai kai rabin kuɗin tof silindar da aka ce a saya ba. Yanzu jarka ɗaya ce ta inji, an haɗa ruwanta tun daga gida an rubuta a jikinta, kuma daga bazara zuwa farkon damina ba a taɓa rabinta ba. Duk ranar Juma'a yaron mota yana hura lagireto ta baya da iskar mai faci ya fitar da ƙarangiya.

Abu biyu suka rage. Da Oga ya sake buga matsi bayan wata guda, ya ga ɗan gumi a ɗaya daga cikin faya-fayan ƙarfen da ke toshe ramukan gefen inji, wanda tsatsar shekarun baya ta ci ta ciki. Sai an kwance wasu kaya kafin a kai gare shi, mun sa ranar bayan kaka, kuma za a sake su duka a lokaci ɗaya. Na biyu lodi ne. Lambar 99 ɗin nan a kan buhunan da suka wuce ƙa'ida ta fito, na nuna wa Kawu a littafi. Ya ce zai rage buhu biyar a watannin zafi. Zuwa yanzu ya rage biyu.